Tambulan Takwas

Tun ranar Litinin na san akwai mai yi mana ƙarya a ɗakin maza na hawa na biyu. Wane ne, shi ne ban sani ba, kuma rashin sanin ya hana ni jin daɗin ko da shinkafar rana.

Kwas na sati uku aka turo mu birnin Surabaya, mu goma sha shida, duk masu tsara wa marasa lafiya abinci, a kan cututtukan ciki da hanji. Shekarata ashirin da uku ina wannan aiki a ƙaramin asibitinmu da ke gabashin tsibirin Madura. Ni ce babba a ajin, har yaran suna bar mini kujerar gaba, abin da ban roƙe su ba. A sati na biyu malamarmu Bu Wuryan, wato Malama Wuryan, wata siririyar mata mai magana ƙasa-ƙasa, ta raba mu biyu-biyu, kowane biyu da maras lafiyarsu. Aka haɗa ni da Ratri, yarinyar da ta zo daga wani asibitin masu kuɗi a Jakarta. Ba ta wuce ashirin da shida ba, kuma ko sunanta ka tambaye ta sai ta leƙa waya kafin ta amsa. Mu aka ba mai gado na bakwai, Pak Matrawi, wato Malam Matrawi, don shi da matarsa yaren Madura kaɗai suke ji sosai, ni kaɗai kuma ke jin sa a ajin.

Pak Matrawi manomin gishiri ne. Wata biyu da suka wuce taifot ta huda masa hanji, aka yi masa tiyata a wani asibiti can yammacin tsibirin, ba namu ba. Aka yanke yanki mai tsawo, aka fito da bakin ƙaramin hanjin ta gefen cibiya, aka manna masa jaka. Duk abin da ya ci ko ya sha a jakar yake sauka, bai isa babban hanji ba balle jiki ya tsotse ruwan. Sau biyu ƙodarsa tana tsayawa ana tayar da ita da ƙarin ruwa. Likitan da ke duba shi bai ɓoye mana komai ba: in abin da ke zuba a jakar bai sauko ƙasa da lita ɗaya da rabi a yini ba kafin Juma'a, ƙodar za ta sake tsayawa, kuma a karo na uku ba lallai ta tashi ba. Jijiyoyin hannunsa duk sun ɓuya, ƙarin ruwan ma da ƙyar yake shiga.

Abin da aka koya mana a aji shi ne, mai irin wannan jaka ruwa zalla ba abokinsa ba ne. Yana sha, ruwan zai kwashi gishirin jikinsa ya fice da shi ta jakar, abin da ya fita ya fi abin da ya shiga. Ƙishi ya ƙaru, ya ƙara sha, ya ƙara bushewa. Ranar da Bu Wuryan ta faɗi haka sai da na sa ta maimaita, don ni a sanina duk mai zubar da ruwa, ruwa ake ɗura masa.

Muka zauna ni da Ratri muka tsara. Ruwa zalla rabin lita kacal a yini. Ruwan gishiri da sukari lita ɗaya, a kwalba, yana kurɓa kaɗan-kaɗan daga safe zuwa magariba. Ba shayi mai zaƙi, ba gahawa, ba ruwan kwakwa. Farar shinkafa mai laushi, ayaba, ƙwai, kifi da gishirinsa, kuma kada ya kora abinci da ruwa. Na tsuguna gaban matarsa, Bu Misnatun, na yi mata bayani da yarenmu har sau uku. 'Yar gajeruwar mata ce, rana ta dafa fatarta, tabarmarta a naɗe ƙarƙashin gadon mijin. Duk abin da na faɗa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Bu. To, Bu."

Asabar jakar ta zubar da lita biyu da mililita ɗari takwas. Lahadi uku. Litinin uku da ɗoriya. A takardar da ke rataye a ƙafar gadon kuwa komai ras: rabin lita na ruwa, kwalbar gishiri an shanye, shinkafa an cinye.

Bu Wuryan ta daɗe tana kallon takardar a ɗakin da muke taruwa bayan azahar.

"An gwada, ba ƙwayar cuta a hanjin," ta ce. "Maganin rage gudun hanji yana sha a gaban nas. To akwai abin da ke shiga cikinsa wanda bai shiga takardar nan ba. Ku nemo shi."

Ratri ta gyara zama. "Bu Hozaimah, ba don wani abu ba, kin tabbata abin da muka rubuta shi kika faɗa musu? Don na ga kun daɗe kuna hira, har da dariya."

Wallahi sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Dariyar da take magana, tambayar matar na yi ko bana gishiri ya yi kyau, ta ce sai dai ta tambayi ruwan sama. Shi ke nan.

"Mbak Ratri," na ce, da laƙabin da ake kiran 'yan mata, "lokacin da na fara yi wa mutane bayanin abinci ke ana dama miki kunun shinkafa. In kina shakkar bakina, je ki koyo yaren kafin Juma'a."

"Ni tambaya na yi, Bu."

"Ni ma ina da tawa. Wa yake auna jakar da yamma?"

Ita ce ke aunawa. Na taɓa ganin yadda take yi, ta tsaya nesa da kofin awo, hankici a hanci, ta leƙa da gefen ido ta rubuta. A raina na riga na yanke cewa yarinyar nan ƙara lamba take yi, ko don ƙyama ko don a ce tsohuwar ƙauye ba ta iya aiki ba. Bu Wuryan ta dube ni ta dube ta, ba ta goyi bayan kowa ba, kuma na lura kallon da ta yi mini ya ɗan fi tsawo. Wato ita ma tana tunanin ko na sassauta musu.

Ranar Talata ban bar wa kowa awo ba. Duk zubarwa ni na durƙusa na daidaita idona da layin kofin. Kafin la'asar mun wuce lita biyu. Yarinyar ba ta ƙara ko ɗigo ba, kuma hakan bai sa na ji sanyi a kanta ba, sai ma haushi.

Na tare mai rabon shayi a bakin ƙofa, wani dattijo mai tura keken butoci.

"Pak, gado na bakwai fa?"

"Haba Bu, ga jan rubutu a saman gadon kamar na gidan da za a rushe. Ni makaho ne?"

"Ko rabin kofi, don tausayi?"

"Tausayina bai kai in rasa aikina ba."

Na bar shi, amma na tsaya bayan ƙofa na ga ya wuce gadon bai ko waiwaya ba. Na koma kan 'yan dubiyar gado na takwas, wata zuga da ke zuwa kullum da ledojin shayi mai ƙanƙara, suna miƙa wa duk wanda ya kalle su. Na yi musu magana ba da daɗi ba, har wata a cikinsu ta ce ko ni ce sabuwar mai gadi. Suka rantse ba su taɓa ba shi ba, mai gadon ma ya ce sun yi tayi sau ɗaya Bu Misnatun ta hana. Na buɗe durowar gefen gadon Pak Matrawi da sunan neman cokali. Zani biyu, carbi, man zafi, sabulu. Na ɗaga katifa ta gefe. Ba komai.

Da Bu Misnatun ta fita shanya, na ja kujera kusa da shi. Mutum ne dogo da ciwo ya mayar ƙashi da fata, leɓensa ya tsage, harshensa har yana mannewa in zai yi magana.

"Pak, tsakaninka da Allah, akwai mai ba ka ruwa bayan namu?"

Ya kalli ƙofar da matarsa ta bi, ya kalli silin.

"Abin da aka ba ni shi nake sha, Bu."

"Wa ya ba ka?"

"Mai bayarwa."

Ya rufe ido. Mazan garinmu na san su, in suka rufe ido haka ko liman ka kawo ba za su ƙara kalma ba.

A hanyar fita ne na ga tukunyar. Akwai tukwanen furanni jere a barandar ɗakin, duk kore shar, sai ɗaya ta kusa da tagar gado na bakwai da ganyenta ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa. Na sunkuya. Saman ƙasar ya yi fari-fari, ya bushe ya yi ɓawo. Duk wanda aka haifa a tsibirinmu ya san wannan farin tun kafin ya iya tafiya. Na dangwala na kai baki. Ga inda ruwan gishirinmu yake tafiya kwana huɗu.

Raina ya ɓaci. Matar da ke ce mini "To, Bu" tana sunkuyar da kai, ita ce. Na so in je in same ta a wurin shanya in zazzage mata, amma na danne. Zubar da namu rabin magana ne. Lita ukun nan daga wani wuri suke shiga, kuma in na tsorata ta yanzu sai dai ta canza maɓoya. Ban faɗa wa Ratri ba. Har ga Allah a lokacin na fara saƙa munanan abubuwa: ko matar ta gaji da jinya, ko akwai wata gonar gishiri da wani yake jira. Shekara ashirin da uku a asibiti, ba abin da ido bai gani ba.

Laraba da ƙarfe bakwai, lokacin da ake fitar da marasa lafiya shan hantsi, na ƙi shiga aji. Na tsaya bayan wata bishiyar mangwaro ina kallo. Bu Misnatun ta turo mijin a keke, ta rataya kwanon abincinta mai hawa huɗu a hannun keken. Ta wuce inda kowa ke jeruwa, ta gaisa da mutane, ta ci gaba kamar mai neman inda rana ta fi kyau. Ta zagaya bayan ɗakin wanki. Na cire takalmina na riƙe a hannu na bi ta, ni da girmana.

Ta tsaya tsakanin igiyoyin zannuwan gado. Ta kwance kwanon. Hawa na sama shinkafa ce, na biyu ayaba. Na uku da na huɗu ruwa ne fal, an rufe da leda an ɗaure. Ta zaro tambulan daga cikin zaninta, ta cika shi har baki.

"Sha, Kak. A hankali," ta ce wa mijin.

Ya kama da hannu biyu ya shanye ba numfashi. A hannunta na hagu akwai robobin ɗaure leda da yawa. Ta zare ɗaya ta mayar hannun dama, ta sake cika tambulan.

"Bu Misnatun."

Ba ta firgita ba. Ta juyo ta dube ni, ta dubi takalman da ke hannuna, ta shiga tsakanina da mijinta.

"Nawa kike ba shi a yini?"

"Goma sha biyu. In da zafi."

"Goma sha biyu. Na tsuguna a gabanki na ce miki rabin lita, kika ce to. Kashe shi kike so ki yi?"

"Ku ne dai," ta ce, muryarta ba ta ko tashi ba. "Mutum leɓensa ya tsage, fitsarinsa ya koma kamar shayi, ku ce kada a ba shi ruwa. Sannan ku miƙo mini ruwan gishiri. Bu, shekara talatin muna cikin gishiri ni da shi. Ko akuya ba ta sha. Wanda ya sha ruwan teku ƙishi ke kashe shi, wannan yaron goye ma ya sani, ba sai ya je Surabaya ba."

"To me ya hana ki faɗa mini ba ki yarda ba?"

"Ana ce wa mai farar riga a'a?"

Na sassauta murya na sake ɗauko bayanin daga farko, yadda ruwan ke jan gishiri ya fice. Tana saurare, kuma na ga sarai maganar tana bi ta gefen kunnenta. Da na gama sai ta sa hannu cikin rigarta ta fito da wata leda a ninke. Ta warware ta da kulawa, ta fito da takarda.

"Ba da kaina nake yi ba. Asibitin da suka yi masa aiki su suka ba ni. Ga hatiminsu. Ni ban iya karatu ba, amma wannan ba ta bukatar karatu."

Ba ta sakar mini ba, ta dai riƙe ta a gabana.

Fotokofi ce ta fotokofi, rubutun ya yi kauri ya dusashe, gefen ƙasa ya yanke. A sama an rubuta shawara ga wanda aka yi wa aikin hanji. A tsakiya tambulan takwas ne a jere, zanen hannu. A gefe ga rana da 'yan ƙafafunta, ƙarƙashinta ƙarin tambulan huɗu. Na shida a jerin ya karkace, bakinsa ya fi gindinsa faɗi sosai, don a daidai nan biro ya ƙare aka canza wani.

Ni na canza biron. A teburin kicin ɗina na zana su, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da na gaji da ganin mutanenmu suna ninke takardun da ba su iya karantawa suna ƙunshe gyaɗa da su. Takarda ɗaya na yi wa duk wanda aka taɓa wa hanji, mai jaka da maras jaka, don a lokacin ban san da bambanci ba. A wani taron ma'aikatan tsibirin aka yaba, kowa ya ce in ba shi ɗaya ya je ya buga. Na dawo gida ranar ina jin kaina. Sunana yana can ƙasa, a gefen da injin ya cinye tun ban san yaushe ba.

 Na nemi bakin wata kwatar siminti na zauna.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne ba wanda ya sani. Hatimin na wani asibiti ne. Ina iya ɗaukar hotonta in kai wa Bu Wuryan in ce ga irin aikin da ake yi a can yamma, a yi ta girgiza kai, a ce Bu Hozaimah ta gano bakin zaren. Har na shirya yadda zan faɗa.

"Bu Misnatun, takardar nan kuskure ce. Ba ni ita."

Ta mayar da ita ƙirjinta.

"Wadda ta zana wannan ta san mu," ta ce. "Ta san ba mu iya karatu ba, ta san zafin wurinmu, ga rana nan ta sa. Ku kuwa 'yan koyo ne, na ji nas tana faɗa. Ranar Juma'a za a ba ku takardarku ku tafi, ni a bar ni da shi. Ba za a koyi aiki a kan mijina ba."

Na dubi Pak Matrawi. Idonsa na kan tambulan na biyu da ke cike a hannunta. In na kira masu gadi a hana ta shiga ɗakin, zai daina cin abinci, na san irinsu. In na bar ta, kafin Juma'a ta ɗura masa ashirin da huɗu. Ba Bu Wuryan za ta saurara ba, ba likita ba. Mutum ɗaya ta yarda da shi a duk faɗin asibitin nan.

Na zaro biro daga aljihu, na juya bayan jadawalin kwas ɗin, na ɗora a cinya. Na zana tambulan yadda hannuna ya saba, da ɗan layin nan biyu na ruwa a ciki. Na zana rana da ƙafafunta bakwai, don kullum bakwai nake yi mata, ban san dalili ba. Na miƙa mata.

Ta ajiye tambulan ɗin a ƙasa. Ta haɗa takardun biyu gefe da gefe. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirga ƙafafun ranar.

"Ni ce na zana, Bu. Sunana Hozaimah, daga gabas. Lokacin ban sani ba. Ga wanda ba shi da jaka daidai ne, ga mai jaka irin ta mijinki guba ce. Sati biyu da suka wuce ni ma na sani. Ki yafe mini, kuma don Allah ki daina."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa kifi a kasuwa ana shakkar na jiya ne. Ba ta ce to ba. Ta ninke tata ta mayar cikin leda, ta ninke tawa ta haɗa, ta cusa a riga. Ta ɗaure kwanonta da ruwan a ciki, ta juya keken suka tafi. Tambulan ɗin kaɗai ta bari a ƙasa, ban kuma sani ba ko mantawa ta yi.

Bayan azahar na faɗa wa Bu Wuryan da Ratri komai, ban rage ba. Na jira yarinyar ta rama, don tana da hakki. Maimakon haka sai ta tambaya ko a sa a hana matar kwana a ɗakin.

"A ba ni yini ɗaya," na ce.

"Ɗaya," in ji Bu Wuryan. "Kuma ki kira asibitinku yau, ba gobe ba."

Na kira, na ce a kwashe takardun daga durowar nas-nas a kulle. Na kira mutum huɗu da nake da lambarsu a sauran asibitocin. Biyu suka ce za su duba, ɗaya ya ce ai tasu ce, su suka tsara ta.

Alhamis na wuni ina gadi. Hannun Bu Misnatun ba roba ko ɗaya, amma wadda ta iya ɓoye ruwa a kwanon abinci ɓoye roba ba zai gagare ta ba. Na ɗaga kwanon da sunan gyara wuri, na ji shi sakayau. Na leƙa tukunyar baranda, ƙasar a bushe. Na duba sauran tukwanen ɗaya bayan ɗaya, na duba magudanar banɗaki. Kwalbar gishirin tana raguwa, amma ban ga lokacin da take raguwa ba, kuma duk sanda na shigo matar sai ta kau da kai. Ba ta gaishe ni ba ranar. Da hantsi ba ta fitar da shi ba, na rasa ko alama ce mai kyau ko ta gano ina bin ta ne. Pak Matrawi yana ta lasar leɓe yana kallon keken shayi, ni kuma kamar in yi kuka.

Ratri ce ta durƙusa ta yi awon la'asar, ba hankici. Ta ɗago ta ce, "Bu, zo ki gani da idonki, kada ki ce na rage." Tun safe abin da ya zuba bai kai lita ɗaya ba, kuma ya fara kauri.

Safiyar Juma'a aka haɗa na yini guda: lita ɗaya da mililita ɗari uku. Fitsari ya zo, ya yi haske. Likita ya duba sakamakon jini, ya gyaɗa kai, ya ce in aka riƙe haka sati biyu zai sa ranar mayar masa da hanjin. Ban jira ya gama fita ba na nufi gado na bakwai, ina jin kamar a ɗauke mini buhu daga ka.

Na same ta zaune a bakin gadon, kwalbar gishiri a hannu, tana zuba masa a murfi yana kurɓa yana yamutsa fuska. Na faɗa mata abin da likita ya ce, na ce ƙodar ta tsira. Ta ce alhamdulillahi, ba ta dube ni ba.

"Bu Hozaimah," ta ce, karo na farko da ta kama sunana. "Akwai maƙwabcinmu, Pak Sahlan. Gonarsa tana jikin tamu. Shekara biyu da suka wuce ya dawo daga asibiti da irin jakar nan, da irin takardar nan. Matarsa ce ta koya mini dabarar roba, ranar da za mu taho. Ta ce ita ba ta taɓa tsallake ko tambulan ɗaya ba."

 Na san amsar, amma na tambaya.

"Yana ina yanzu?"

"Sati biyar ya yi a gida. Har yau tana cewa da ta ƙara masa ruwa da bai tafi ba."

Ta sake cika murfin, ta tallafi kan mijinta ya kurɓa, ta goge masa baki da gefen mayafinta. Sannan ta juyo ta dube ni sosai, ta ɗaga kwalbar.

"Wannan kuma, in shi ma ba daidai ba ne, shekara nawa za ki yi kafin ki zo ki faɗa mini?"

 Ta jira kaɗan, sannan ta juya ta ci gaba da ba shi.